Maganar kawo mata Kanada, da inda aurenmu na gida yake karo da dokarsu

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a Kanada ya san yadda abin yake farawa, yaro ya gama karatu ya samu takardar zaman dindindin ɗin nan da ake cewa PR, ya samu ɗan aiki ya kama ɗaki, sai waya ta fara zuwa daga gida, Hajiya tace toh yanzu kuma saura me, shi kuma sai kaga yana tare mutane a ƙofar masallaci bayan Juma'a yana tambaya wai nawa ake kashewa a kawo iyali kuma wata nawa abin yake ɗauka. Ni kuma kullum abinda nake cewa shine waɗannan tambayoyi biyun sune mafi sauƙi a duk maganar, bari ma in sallame su tun yanzu mu wuce.

Kuɗin gwamnati dai a ƙarin da akayi a ƙarshen Afrilun 2024 ya kama dalar Kanada 1,205 a lokacin, wato 85 na neman ɗaukar nauyi, 545 na duba fayil ɗin matar, 575 kuɗin haƙƙin zaman dindindin wanda shi idan ba'a bata ba ana dawo maka dashi, sai kuma wata 85 daban akan wannan ta ɗaukar hoton yatsu. Suna taɓa farashin duk bayan shekara 2 saboda haka ka leƙa shafin hukumar shige da ficen tasu, IRCC, kafin ka biya. Lokaci kuma abinda suka ɗaukarwa kansu shine wata 12, wani lokaci ya ɗan gaza wani lokaci ya zarce. Abinda yake ba mutane mamaki shine babu wani adadin albashi da dole sai ka kai kafin ka ɗauki nauyin matarka, ba kamar Ingila ba da suke sa maka iyaka. Cikin abinda ake so akwai kar ya zama kana karɓar tallafin talauci na gwamnati, sai dai in na naƙasa ne, ka kai shekara 18, ka zama ɗan ƙasa ko mai PR, kuma in PR ne dakai dole kana zaune cikin ƙasar, ɗan ƙasa ne kaɗai zai iya cikewa daga waje in ya nuna zai dawo tare da ita. Mace ma haka take ɗaukar nauyin mijinta, dokar ɗaya ce, ina ta cewa mata ne kawai saboda a cikinmu maza sunfi yawa a wannan layin.

Toh ina matsalar take? Matsalar tana ranar ɗaurin aure, ranar da babu wanda yake tunanin wani fom.

Mu dai kowa ya san yadda muke yi, ana taruwa a masallaci ko ƙofar gida, wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki, shaidu su ji, a shafa fatiha a raba goro da alawa, maroƙi ya ɗaga murya aure ya ɗauru. Ango yana iya kasancewa a wurin yana iya kasancewa a Toronto yana bin abin ta bidiyon WhatsApp a wayar ƙaninsa, a addini aure ya ɗauru sarai babu ko shakka. Amma Kanada tun Yunin 2015 ta daina karɓar auren da aka ɗaura ɗaya daga cikin ma'auratan baya wurin da jikinsa, ko ta wakili ne ko ta waya ko ta intanet, sojojinsu dake bakin aiki kawai aka cirewa. Kuma ba ruwansu da cewa auren halastacce ne a ƙasar da aka ɗaura shi. Ofisa zai ɗauki takardar aure ya ga kwanan wata, ya buɗe fasfo ɗinka ya ga tambarin shiga Najeriya ko Nijar, in ya ga ranar da aka ɗaura kai kana Winnipeg kana aikin dare shikenan magana ta ƙare, ba sai ya kira kowa ba. Nasan wani bawan Allah da aka ɗaura masa a watan Shawwal saboda baban yarinyar yace bazai ƙara jira ba, shi kuma hutunsa sai Disamba, ya je akayi biki da tarewa lafiya lau har da ciki, sai da aka shekara sannan ya gane a takarda auren nasa baya cikin lissafi.

Bangaren amarya ma akwai ƙura, don dokar cewa tayi su biyun, mu kuma amarya tana can cikin ɗaki da ƙawayenta ana mata lalle lokacin da maza suke masallacin unguwa, wannan wuri ne da ofisa zai iya tsayawa yayi tambaya. Shi yasa masu dabara suke shirya abin yadda za'a ɗaura a gidan su yarinyar, ango yana nan amarya tana nan, su biyun su sa hannu a takarda ranar, a ɗauki hoto da liman da shaidu. Wasu kuma sukan ƙara da zuwa rajistar aure ta gwamnati su biyu, amma fa ka sani a Najeriya auren rajista na mace ɗaya ne, wanda yayi shi ya rufewa kansa ƙofar ƙari a doka, kuma ba dole bane, auren Musulunci aure ne a dokar ƙasa in dai akwai takarda mai kyau data tabbatar dashi. ƴan Nijar su tasu tafi sauƙi ta nan, takardar aure ta ma'aikatar magajin gari da Faransanci take fitowa, Faransanci kuma harshen gwamnati ne a Kanada, babu kuɗin fassara. Wanda kuma ya riga yayi ta wakili akwai wata ƙofa, in sun zauna tare wata 12 a jere ba yankewa ana iya karɓarsu a rukunin masu zaman tare, sunan dai baya mana daɗi a kunne amma rukuni ne a dokarsu, sai dai wa yake da shekara guda da zai ajiye aiki ya koma gida ya zauna.

Shekaru kuma 18 ne, a wannan shekarar ta 2015 aka ɗaga daga 16. Yarinyar da bata kai ba babu maganarta.

Sai maganar da ba'a son yi a fili, mace fiye da ɗaya. Sashe na 293 na dokar manyan laifukan Kanada ya haramta shi, a shige da fice kuma abinda suke dubawa shine lokacin da aka ɗaura wannan auren shin kai mijin wata ne, in eh ne toh wannan ta biyun ba matarka bace a wurinsu. Uwargida ce kawai ake ƙirgawa. Mutane sukan ce ai sai in saki ta farkon in kawo amarya, toh banda zaluncin dake cikin wannan lissafin, ko a takarda ma bai wadatar ba, don auren amarya tun asali an ɗaura shi kana da wata, sai an tabbatar da sakin a doka sannan a sake ɗaura sabon aure da ita bayan nan. Shi sakin ma nasa rikicin daban, mu mutum ya furta ko ya yagi takarda ya rubuta layi biyu ya bayar an gama, su kuma hukuncin kotu suke nema, kuma ƙa'idar da suka fi bi wajen yarda da sakin wata ƙasa itace ɗaya daga cikinku ya kasance mazaunin can aƙalla shekara guda kafin a fara maganar. Wanda shi da matar duk a Kanada suke zaune ya saketa a falo da baki, ya tafi gida ya auro wata, a idon dokar nan yana nan da aurensa na farko har sai kotun Kanada ta raba, ita kuma yawanci sai an shekara a rabe. In ita amaryar ce bazawara, a nemo takardar mutuwar aurenta daga kotu ko takardar rasuwar mijin tun kafin a sa rana.

Amma wallahi duk cikin abubuwan nan wanda yafi bani tausayi shine na wanda ya ɓoye aure tun a fayil ɗinsa na farko. Yadda yake faruwa ba wai mugunta bace, mutum ya cike neman PR yana gwauro da gaske, ana cikin jira ko ma takarda ta fito saura tafiya, sai gida suce ai baka tafi ƙasar sanyi haka ba, a ɗaura kafin ka tashi, ayi biki cikin sati biyu, ya hau jirgi ya sauka a filin jirgi ofisa ya tambayeshi ko wani abu ya canza a halin iyalinka yace a'a don yana tsoron kar a maida shi baya. Wani kuma ejan ne yace masa rubuta baka da aure maki zai fi yawa. Toh akwai wani ɗan sakin layi a sashe na 117 na ƙa'idojinsu da yace duk ɗan iyalin da baka ambata ba aka duba shi lokacin da kake neman naka zaman, mata ce ko ɗa, bazaka taɓa ɗaukar nauyinsa ba, ba shekara 5 ba ba 10 ba, har abada. A 2019 sun fito da wani sassauci na wucin gadi amma na waɗanda suka shigo a matsayin ƴan gudun hijira ne ko waɗanda su ma ɗaukar nauyinsu akayi a matsayin mata ko miji ko ɗa, wanda ya shigo ta Express Entry, wato tsarin da ake zaɓar ma'aikata da maki, baya ciki. Kuma ranar da ka kawo takardar aure mai kwanan watan da ya riga ranar saukarka, da hannunka ka miƙa musu shaidar ka faɗi abinda ba haka ba, naka zaman ma ya shiga haɗari. Abin takaicin shine ƙaryar bata da wani amfani tun farko, don in ka rubuta kana da mata amma ba tare zaku zo ba, makin ka kamar na marar aure ake lissafa shi, abinda zai ƙaru kawai a duba lafiyarta a ga takardunta, ka ɗan ƙara jira. Haka ɗan da ka haifa da wata tun da, ko yana hannun kakarsa a ƙauye, rubuta shi.

In ka tsallake waɗannan sai a zo kan shin auren na gaske ne. Ƙa'idar tasu baki biyu gareta, in auren ba na gaske bane an ƙi, in kuma an ƙulla shi ne musamman don a samu takarda shima an ƙi, ɗaya ya isa. Auren haɗi ba laifi bane a wurinsu, auren zumunci ma haka, ɗan wa da ƴar ƙani dokar Kanada bata hana ba, sai dai ofisan da ya ga sunan kaka ɗaya zai so ya tabbatar ba ƙanwa ake son fitarwa da sunan mata ba. Inda muke shan wahala shine kunya. Fom ɗin da ake bayanin dangantaka, IMM 5532, tambaya yake yaushe kuka fara haɗuwa, wa ya haɗaku, sau nawa ka ziyarceta, su wa suka san da auren, da wane harshe kuke magana, kuma ana son hotuna har guda 20 da ɗan samfurin hirarku. Mu kuma hoton namu ango na tsaye can amarya na can an rufe fuska da mayafi, hira duk saƙon murya ne, in ma an rubuta daga ina kwana ya gida ya su Umma sai a turo kati. Yarinya ta taso a gidan da ba'a faɗin sunan miji, in aka kirata intabiyu aka ce nawa ne albashin mijinki tace bata sani ba, ranar haihuwarsa bata sani ba, sunan kamfanin da yake aiki tace wani wuri ne dai na kwamfuta. A wurinmu wannan tarbiyya ce, a kunnen wanda bai san mu ba kuma kamar baƙi biyu ne aka haɗa. Ba kowa ake kira intabiyu ba, amma wadda aka kira toh dama akwai abinda ya tsaya musu a rai.

Ni a ganina maganin ba wai ku koma kuna kwaikwayon soyayyar turawa a hoto bane, wannan ma yafi saurin tona asiri. Ka rubuta musu bayani da kanka yadda ake aure a wurinmu, menene gaisuwar iyaye, menene sa rana, lefe, kamu, kai amarya, me yasa bata zauna kusa dakai a hoton masallaci ba, sannan ka jera abinda dama muna dashi da yawa bamu ɗauke shi shaida bane kawai, katin gayyata, kalanda da sitikar biki masu hotonku, hoton da iyayenka da nata suke tare, rasit ɗin kuɗin cefane da kake turawa duk wata, tikitin jirgi da tambarin filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Diori Hamani a Yamai, jerin kiran waya, takardar asibiti in an samu rabo. Hirar da akayi da Hausa sai an fassara zuwa Turanci ko Faransanci kuma ba kai ko ɗan uwanka zai fassara ba. Sannan dan Allah ka zauna da matarka ka gaya mata rayuwarka, unguwar da kake, nawa kake biyan haya, wa kuke zaune dashi, aikin me kake, wannan ko babu biza ai haƙƙinta ne.

Takardu kuma sai a hankali, mu da muke da Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Mamman a katin zaɓe, ga shekarar haihuwa da aka rage don bautar ƙasa ko neman aiki, takardar hukumar ƙidaya ta faɗi daban lambar NIN ta faɗi daban. A gyara su zo ɗaya kafin a tura, don abinda suka kama a matsayin ƙarya ko ɓoye gaskiya hukuncinsa hana shiga na shekara 5 ne, kuma cewa ejan ne ya cike baya ceton kowa tunda sa hannunka ne a ƙasa. Dama wanda doka ta yarda ya karɓi kuɗi ya wakilceka lauya ne mai rajista a Kanada, ko mai bada shawara dake cikin rajistar hukumarsu ta CICC wadda kowa zai iya buɗewa ya duba suna, ko notare, wato jami'in doka mai tabbatar da takardu, na lardin Kebek. Mai shagon kwamfuta da yace yana da hanya a ciki baya cikinsu. Tun Satumban 2022 ma ta intanet ake turawa, mutum mai natsuwa zai iya da kansa. Sauran kuma sanannu ne, takardar ƴan sanda daga duk ƙasar da ta zauna wata 6 ko fiye tun ta cika 18, wadda tayi karatu a Sudan ko Masar ko Malesiya ta fara nema da wuri, hoton yatsu a ofishin VFS, kamfanin dake karɓar musu takardun biza, na Abuja ko Legas, gwajin lafiya wurin likitan da su suka amince dashi, sakamakon gwajin kuma wata 12 yake aiki. Anan akwai labari mai daɗi da mutane basu sani ba, matar aure da ƴaƴa ba'a ƙin su don ciwonsu zai ci kuɗin asibiti da yawa, saboda haka mai sikila ko ciwon suga kar ta ɓoye, abinda suke tsoro shine mai yaɗuwa irin tarin tibi, shima magani ake sa mutum ya gama sannan a cigaba.

Hanya biyu ce ake bi, ta waje da ta ciki. In tana gida ta waje ce dole. In ta riga ta shigo da bizar karatu ko ziyara kuna zaune tare kana iya bin ta ciki ta nemi izinin aiki tana jira, amma in aka ƙi babu ɗaukaka ƙara sai dai kotun tarayya ta duba ko anbi ƙa'ida, ita kuwa ta waje kana da kwana 30 ka kai ƙara sashen ɗaukaka ƙara na shige da fice, inda ake sake sauraron maganar har ka kawo sabuwar shaida, shi yasa wanda yasan fayil ɗinsa yana da ɗan ƙulli gara ya bi ta waje ko da tana ƙasar. ƴan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka fi taruwa a Montreal saboda harshe su nasu jiran yafi tsawo sosai, don Kebek, lardin da Montreal take ciki, tana da nata matakin daban da nata alƙawarin da ake sa hannu, a Yunin 2024 ma ta sa iyaka kan yawan fayil ɗin iyali da zata karɓa cikin shekara 2, abinda wani a Ottawa zai gama cikin shekara kai da kake tsallaken kogi a Gatineau cikin Kebek sai ka ninka shi.

Sai alƙawarin da kake sa hannu a fom na IMM 1344, wanda yawancin mutane basa karantawa. Shekara 3 ne daga ranar da ta zama mai PR, ci da sha da sutura da wurin kwana da abinda inshorar lafiyar gwamnati bata biya kamar haƙori da ido duk a wuyanka. In ta karɓi tallafin gwamnati a cikin shekarun nan bashi ne akanka sai ka biya, ko kun rabu, ko ka rasa aiki, ko ta koma wani lardi, kuma bazaka ɗauki nauyin wata matar ba sai shekara 3 ɗin sun cika. Ita ma in auren ya mutu bazata ɗauko wani miji ba sai ta shekara 5 da samun takarda. Janyewa kana iya yi ne kawai kafin a yanke hukunci, da zarar ta sauka an bata shikenan takardar tata ce ba taka ba. Da can daga 2012 akwai sharaɗin sai sabbin aure sun zauna tare shekara 2 ko a ƙwace, a Afrilun 2017 aka soke shi saboda an ga yana sa mata haƙuri da duka don tsoron kora. Na faɗi wannan ne don har yanzu ina jin maza suna cewa ni na kawoki ni zan maidaki, wasu har su ɓoye mata fasfo da katin PR a jakarsu, ita kuma baiwar Allah bata san kowa ba ga dusar ƙanƙara ga ba Turanci sai ta yarda. Bashi da wannan ikon ko kaɗan. Abinda yake kanta kawai ta zauna a ƙasar kwana 730 cikin kowace shekara 5 don riƙe takardar, in ta cika kwana 1,095 cikin shekara 5 kuma ta nemi zama ƴar ƙasa da sunanta, ba sai ya sa mata hannu ba.